Muhammadu Bakatsine, Gwanin Lissafin da Ya Koyar a Misira

A wajenmu nan ƙasar Gobir, daga Isa har Sabon Birni, in aka ce lissafi sai hankalin mutane ya tafi ga makarantar boko. Iyayenmu da yawa sun ɗauka Turawa ne suka zo da shi tare da alli da baƙin allo, mu ɗalibai kuwa mun mai da shi dodon jarrabawa. Alhali kuwa da wuya ka sami unguwar da babu malamin zauren da ya iya zana hatimi mai gida tara, ya zuba lambobi a ciki, ta duk inda ka haɗa su ba ka 15. Wannan ma lissafi ne, ya kuwa riga Bature zuwa ƙasar nan da shekaru aru-aru. Saboda haka na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu labarin wani malami daga maƙwabtanmu Katsinawa, wanda ya ƙware a wannan fanni har malaman birnin Alƙahira suka durƙusa gabansa suna ɗaukar karatu. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace, Bakatsine. A littattafan Larabci ana rubuta shi Alkashnawi.

Zamaninsa ya yi nisa ƙwarai. Ya rasu a 1741, shekara 13 kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta. A lokacin Sarkin Gobir Babari bai ci Birnin Zamfara ba, Alkalawa ba ta zama babban birnin Gobirawa ba, balle Sabon Birni wadda sai bayan tsakiyar ƙarni na 19 Ɗan Halima ya kafa ta. Gobirawa na can arewa suna gwabzawa da Katsinawa a wajen Maraɗi, wadda a sa'an nan gari ce ta ƙasar Katsina. Ita kuwa Katsina tana kan ganiyarta. Ayarin raƙuma na shigo mata daga hamada da hajja da takarda da littattafai, fatake na fita da ita zuwa Gwanja neman goro, kuma sunan malamanta irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, bai gushe a bakin mutane ba. Cikin laƙabin Malam Muhammadu akwai Ɗanrankawi, watau mutumin Ɗan Ranko, wani tsohon garin malamai da fatake a kudancin ƙasar Katsina.

Yawancin abin da ya iso mana na rayuwarsa ya fito ne daga alƙalamin wani Bamisire, Abdurrahman Aljabarti, marubucin tarihin Misira da ya shahara. Shi Aljabarti bai riski malamin da rai ba, don sa'an Shehu ne, amma a gidan ubansa baƙon ya ƙare kwanakinsa, littattafansa kuma a hannun uban suka zauna. Don haka labarin na cikin gida ne.

Ya lissafa malamansa huɗu na ƙasarmu ta Sudan. Akwai Muhammadu Alwali ɗan Sulaimanu na ƙasar Bagarmi, gabas da Barno, masanin tauhidi, wanda har littafi ya rubuta a kan haramcin shan taba. Akwai Shaihu Hashimu. Akwai Muhammadu Fodu, laƙabi irin na Fodiyo da kunnenmu ya saba da shi, wanda Malam Muhammadu ya lizimta kusan shekara huɗu, a gida da kan hanya, yana koyon nahawu da sarfu da lugga. Wannan malami da farko yana kiransa mai Maƙamatu, domin ya haddace littafin har ya kai in ka faɗi kalma ɗaya daga ciki, nan take zai kawo maka wadda ta gabace ta. Duk wanda ya taɓa hadda ya san ci gaba daga inda aka tsaya abu ne mai sauƙi, komawa da baya shi ne aiki. Da ya ƙware a nahawu sai malamin ya sake masa suna Sibawaihi, sunan babban malamin nahawun Basra, wanda shi ma asalinsa Bafarishe ne ya zo ya fi Larabawa sanin ƙa'idar harshensu.

Na huɗun shi ne Muhammadu Bindu, kuma a hannunsa ya sami abin da ya ɗaukaka shi. Ya karanta Buhari da galibin Muhtasar da manɗiƙi da aƙidun Sanusi a wurinsa, sa'an nan ya koyi hisabi da ilmin lokuta bisa hanyar malaman Magariba, da ilmin haruffa da na hatimai. Kada mu manta, malamin wancan zamani ba shi da agogo ba shi da kalanda. Da inuwa da taurari yake gane lokacin salla da alƙibla, da ƙidaya yake raba gado, inda ake ta fama da rabi da rubu'i da sumuni da sudusi. Malamin da bai iya lissafi ba sai ya ci haƙƙin marayu bai sani ba.

Daga nan ya ɗauki hanyar gabas. Tafiyar hajji a lokacin ba ta jirgin sama ba ce, mutum yakan yi sallama da iyalinsa sallamar da ba lalle a sake saduwa ba. Ya ratsa ƙasashe, ya gana da sarakuna da malamai, a wani wuri ma ya tsaya wata biyar yana ɗaukar karatu, har da na bugun ƙasa. Ya yi aikin hajji a shekarar 1142 ta Hijira, watau 1730, ya zauna a Makka, can ya fara rubuta babban littafinsa na taurari da ɗalasimai mai suna Addurrul Manzum. A Misira ya kammala shi cikin watan Rajab na 1146. Ya yi waƙe a kan manɗiƙi ya kuma yi masa sharhi da kansa, ya yi littafin nahawu, ya rubuta labarin tafiyarsa. Amma wanda masana lissafi suka fi kula da shi, shi ne Bahjatul Afaƙ, wanda ya gama a 1145, shekarar da ta ratsa 1732 da 1733. A ciki ya shimfiɗa hanyoyi daban-daban na gina hatimi mai gefe mara, watau 3, 5, 7, 9, har abin da ya yi sama.

Bari mu tsaya nan mu duba abin da idonmu, don ba a sanin gwanintar maƙeri sai an riƙa abin da ya ƙera. Ga ƙaramin hatimin da kowa ya sani:

4  9  2
3  5  7
8  1  6

Kowane layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 ne. Dalili kuwa, in ka tara 1 zuwa 9 za ka sami 45, ka raba wa layi uku, kowanne ya tashi da 15. Malamai sukan rubuta haruffa maimakon lambobi, tun da kowane harafin Larabci yana da adadinsa, alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, kamar yadda mawaƙanmu na ajami ke ɓoye shekara cikin ramzi a ƙarshen waƙa. Wannan mai gida tara yaro ma zai iya samo shi da gwaji, ya goge ya sake. To, mai gida 25 fa, ko mai gida 121? Nan gwaji ba ya fid da kai, sai ƙa'ida.

Malaman wannan fanni sukan aro sunan tafiyarsu daga shaɗaranji, darar Larabawa da Farisawa, inda doki ke tsalle gida biyu a miƙe da gida ɗaya a karkace. Ga wata hanya ta tsallen doki da kowa zai iya gwadawa a bayan littafinsa. Ka zana gida biyar-biyar. Ka sa 1 a kusurwar sama ta hagu. Ka sauka gida ɗaya, ka matsa dama gida biyu, ka sa 2. Haka za ka yi ta yi. In ka faɗa waje ta dama sai ka shigo ta hagu, in ka faɗa ta ƙasa ka shigo ta sama, kamar an naɗe takardar bakinta ya haɗu. Duk sa'ad da ka cika lamba biyar za ka tarar gidan da za ka dira da mai shi, sai ka sauka gida biyu daga inda kake tsaye, ka ci gaba. Abin da zai fito ke nan:

1  10  14  18  22
19  23  2  6  15
7  11  20  24  3
25  4  8  12  16
13  17  21  5  9

Kowane layi 65. Har ma layin da ya karkace ya karye a baki ya shigo ta ɗaya gefen, kamar 10, 2, 24, 16, 13, shi ma 65 ne. Ba sai ka cika gidajen ba kafin ka san jimlar. Ka ninka gefen da kansa, ka ƙara 1, ka sake ninkawa da gefen, ka raba biyu. Na biyar ya ba da 65, na bakwai 175, na tara 369.

Yanzu ga inda abin ya fi ba ni sha'awa. In ka bi wannan tsalle a hatimi mai gefe 7, ko 11, ko 13, kome zai fito daidai. In ka bi shi a mai gefe 9, layukan kwance da na tsaye za su ba ka 369 lafiya lau, amma layin da ya tashi daga kusurwar da ka fara zai tsaya a 360. Tara ta ɓace. Me ya sa 9 ta ƙi, alhali ita ma mara ce kamar 7? Saboda 9 tana rabuwa gida uku, 7 kuwa babu abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Irin waɗannan lambobi, 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17 da 'yan'uwansu, Larabawa na ce musu lambobin farko. Ni a nan zan riƙa kiransu gagara-raba.

Misali zai fi bayyana halinsu. A ce wani falke yana zuwa Shinkafi kowane kwana uku, ya kuwa fara ran Alhamis, ranar kasuwa. Zuwansa na gaba Lahadi ne, sai Laraba, Asabar, Talata, Jumma'a, Litinin, sa'an nan ya komo Alhamis bayan kwana 21. Babu ranar da bai taka ba. Ko kwana biyu-biyu yake zuwa, ko huɗu, ko biyar, ko shida, haka zai zagaye ranakun mako duka, domin 7 gagara-raba ce. Amma a ce wata uku-uku yake zuwa, ya fara da Muharram. Zai zo a Rabi'u Lahir, da Rajab, da Shawwal, ya koma Muharram. Ko shekara ɗari ya yi yana zuwa, watan azumi ba zai taɓa riskarsa a garin ba, domin 3 tana raba 12. Abin da ya sami hatimin tara ke nan. A layin kusurwa, saukar gida ɗaya da matsawar gida biyu sun haɗu sun zama taki uku, uku kuwa tana raba tara, sai lambobin suka yi ta kewaya wuri ɗaya kamar falken nan. In gefen hatimi gagara-raba ne da ya wuce 3, wannan cikas ba ya aukuwa ko kusa, kome girmansa. Dalilin da ya sa malami irin Muhammadu Bakatsine bai tsaya ga hanya ɗaya ba ke nan, don wanda ya daɗe yana gina hatimai dole ya san lambobi ba halinsu ɗaya ba.

A cikin wannan shekara ta 1145 da yake kammala littafinsa, can a birnin San Fitasbag na ƙasar Rasha wani saurayi ɗan shekara 25, mutumin Suwizalan, mai suna Leonhard Euler, yana fama da irin waɗannan lambobi ta wata fuska. Ba su san juna ba, ba su kuma taɓa jin labarin juna ba. Tun 1640 wani lauya Bafaranshe, Pierre de Fermat, ya lura da wani jeri: 3, 5, 17, 257, 65,537. Kowacce ana samunta ne in an jera biyu-biyu an ninka su da juna, sa'an nan a ƙara 1, kuma dukansu gagara-raba ne. Sai ya ɗauka ta gaba ma haka take, watau biyu sau 32 a ninke da ƙarin 1, wadda ta kama 4,294,967,297. Shekara 92 maganar tana nan ba wanda ya tayar. A 1732 Euler ya nuna 641 tana raba ta, ta ba da 6,700,417 ba saura. Wanda ke shakka ya ɗauki alƙalami ya ninka, aikin minti biyar ne. Samo 641 ɗin shi ne wuyar, kuma ba da lalube ya same ta ba. Ya bayyana daga baya cewa duk abin da zai raba wannan lamba dole ya zama ninkin 64 da ƙarin 1, ga shi kuwa 641 ita ce 64 sau 10 da ɗaya.

Ita kanta 641 gagara-raba ce. Saboda haka tsallen dokin nan namu zai gina hatimi mai gefe 641, mai gida 410,881, kowane layinsa kuma 131,687,681. Ba wanda zai zauna ya rubuta shi a allo, amma mun tabbata haka zai fito.

Bayan shekara 40, a 1772, Euler ya tsufa ya makance, duk da haka ya tabbatar da cewa 2,147,483,647 gagara-raba ce. Wannan lamba tana da halaye masu ban mamaki. Biyu ce sau 31 a ninke, aka ɗebe 1, ita 31 ɗin ma gagara-raba ce, kuma dole ne hakan, don da 31 tana rabuwa da babbar ma ta rabu. Sai dai wannan sharaɗi shi kaɗai bai isa ba. Dubi 11, gagara-raba ce, amma biyu sau 11 a ninke ban da 1 ya ba da 2,047, wadda take 23 sau 89. To, lura da waɗannan biyun: 23 ita ce 22 da ɗaya, 89 kuwa 22 sau huɗu da ɗaya. Ashe masu rabawar ma suna da ƙa'idar da suke bi. Haka nan duk gagara-rabar da za ta raba 2,147,483,647 dole in an raba ta da 62 ta bar saura 1, kuma ba a bukatar a gwada abin da ya wuce 46,340, domin wadda ta fi haka in an ninka ta da kanta ta zarce lambar. Da irin wannan tankaɗe da rairaya makaho ya rage aikin da zai ci shekaru ya koma abin da za a iya gamawa. Asalin hujjar kuwa, in aka bi ta har gindi, halin nan ne na falken Shinkafi: a zagayen da adadinsa gagara-raba ne, kowane taki sai ya taka kowane gida kafin ya komo.

Da za a ce wani ya gina hatimi mai gefe 2,147,483,647, yana cika gida ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba cin tuwo, zai shekara wajen miliyan dubu 146 bai gama ba. Amma ƙa'idar da ta ba mu 65 ita ce za ta ba da jimlar layinsa, tsallen doki kuma ba zai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Lambar nan tana cikin aljihun da yawa daga cikinmu, don ita ce iyakar abin da kwamfuta ke iya ƙirgawa a wani ma'aunin da aka daɗe ana gina na'urori a kansa. Manyan gagara-raba kuma suna cikin abin da ake kulle saƙon banki da shi in an tura kuɗi ta waya, saboda ninka biyu daga cikinsu abu ne mai sauƙi, warware su bayan an ninka kuwa ya gagari na'ura. A Oktoba 2024 an gano wata wadda in za a rubuta ta sai an jera alƙaluma 41,024,320.

Na san akwai iyayenmu da za su ce, ai wannan malami da kake yabo ɗan tsibbu ne. Maganarsu tana da kama. Shi kansa bai ɗauki hatimi wasan ƙwaƙwalwa ba, ya ɗauke shi asiri ne mai aiki, ya haɗa shi da haruffa da taurari da sa'o'i, har ya gargaɗi almajirai su riƙa ɓoye shi ga wanda bai cancanta ba. Malaman jihadi da suka zo bayansa sun yi faɗa ƙwarai da duba da bugun ƙasa, kuma har yau malamai na yi. Wannan hukunci nasu ne, ni ɗalibi ban isa in sa baki ba. Abin da na ke iya cewa shi ne, ko hatimi ya yi maganin wani abu ko bai yi ba, layinsa 65 ne, wannan kuwa Musulmi da Kirista da wanda ba ya salla duk za su ƙirga su sami abu ɗaya. A Turai ma haka ilmin ya taso a cakuɗe. Johannes Kepler, wanda ya gano yadda duniyoyi ke kewaya rana, yana yi wa sarakuna duban taurari ana biyansa. Turawa suka tsince tsabar suka zubar da ƙaiƙayi, suka ci gaba. Shi kansa Euler ya rubuta maƙala a kan hatimai a 1776, babu laya babu turare. Mu kuwa sai muka kasu biyu, wasu suka riƙe hatimi don laya ba su tambayi dalilin da ya sa yake fitowa daidai ba, wasu suka watsar da shi duka don sun ce tsibbu ne. Ni a ganina hasarar da aka yi ta nan ta fi ta littattafan da gara ta ci.

Wani abu kuma da ya kamata mu ɗalibai mu ji, cikin littafin nasa ya ja kunnen mai koyo da kada ya yi fushi ya bari in lissafi ya ƙi fitowa, ya ɗauki barin aiki a tsakiya jahilci ne. Ashe tun a wancan zamani akwai masu jefar da alƙalami in jimla ta ƙi daidaita.

A Alƙahira ya fara zama a wata unguwa da ake kira Darbul Atrak, kusa da masallacin Azhar. Can ya haɗu da Shaihu Hasan Aljabarti, wanda kakanninsa suka fito daga wajen Habasha, babban malamin fiƙihu kuma gwanin ilmin taurari da ƙera agogon rana. Wannan shaihi, da duk girmansa, ya zauna ya koyi ilmin hatimai da sarrafa haruffa da lambobi a wurin Bakatsinen. Ɗansa ya ba da labari cewa a 1159 ta Hijira, shekara biyar bayan rasuwar Malam Muhammadu, har wasu Turawa sun zo gidan suna koyon ilmin awo a wurin uban nasa. Abota ta yi ƙarfi tsakanin malaman biyu har baƙon ya koma gidan Shaihu Hasan da zama. A nan ajali ya same shi a 1154, watau 1741, bai sake ganin Katsina ba. Kafin ya cika ya sa mai masaukinsa ya zama wasiyyinsa a kan dukiyarsa da littattafansa. Shaihu Hasan ya binne shi a maƙabartar da ake kira Lambun Malamai, ya gina alama a kan kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Allah ya ji ƙansa.

Son lissafi bai mutu a ƙasarmu da tafiyarsa ba. Baturen nan Clapperton, wanda ya yi ta yawo da sunan Abdullahi, da ya komo Sakkwato a 1826 ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kyautar littafin Yuklid na Larabci. Yuklid, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis, shi ne malamin Iskandariya da ya kafa hujja tun kafin haihuwar Annabi Isa da wajen shekara 300 cewa gagara-raba ba su da iyaka, kome girman wadda ka samu akwai wadda ta fi ta. Wata safiya Clapperton ya shiga ya tarar da Sarkin Musulmi zaune da littafin a gabansa. Bello ya gaya masa ai gidansu suna da shi tun da, wani ɗan'uwansu ya sayo a Makka, gobara ce ta cinye shi a shekarar da ta wuce. Shi ne Bellon da ya jagoranci yaƙin da aka ci Alkalawa a 1808, wadda kufanta ke nan kusa da mu.

Sunan Malam Muhammadu ya sake fitowa fili a zamanin boko. A 1967 Hassan Ibrahim Gwarzo ya buga nazari a kan aikinsa a wata mujallar Jami'ar Ibadan. A 1973 wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta sa hanyoyinsa na gina hatimi cikin littafinta a kan ƙidayar mutanen Afirka, daga nan malaman makarantu a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Katsina ba suka fara koya wa yara su. Kofen Bahjatul Afaƙ na rubutun hannu yana ajiye a ɗakin karatu na makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. Addurrul Manzum kuwa an buga shi da injin a Misira, 'yan kasuwar littattafai suka yi ta kawo shi ƙasar Hausa.

Ga wanda ke son gwada hannunsa lokacin hutu, ya zana gida bakwai-bakwai, ya sa 1 a kusurwar sama ta hagu, ya bi tsallen doki, yana sauka gida biyu bayan kowace lamba bakwai. Kowane layi 175 zai ba shi, har da karyayyun. In ya gama ya gwada na tara, ya nemo sauran layukan kusurwa da suka ƙi kai 369 da waɗanda suka zarce.